Neman Ƙarfen Zafi na A-kori-kura

Motata a-kori-kura ce, irin ta da, mai giya a jikin sitiyari. Ta girmi babbar 'yata, wadda yanzu take da yara uku a Damba. Daga hannun wana na gaje ta, Allah ya jiƙansa, kuma da ita nake ciyar da gidana. Hatsi daga Ruwan Bore, taki zuwa Bungudu, wani lokaci kayan ɗakin masu tashi daga wannan haya zuwa waccan a cikin Gusau. In na tsaya shan mai samari kan ɗauke ta hoto da waya, wai kayan tarihi. Su ɗauka. Ni dai na san tana ɗaukar abin da motocin yanzu ba sa iya ɗauka, kuma na san kukanta kamar yadda na san tarin matata.

Abu ɗaya ne ban taɓa samun daidai a jikinta ba, shi ne allurar zafi. A gaban direba akwai ɗan agogo mai allura guda, gefen hagu sanyi, gefen dama ja. Aikinta ta riƙa hawa a hankali yayin da injin ke ɗaukar zafi, ta tsaya a tsakiya, in abu ya ɓaci ta matsa wajen ja tun da sauran lokaci. Tawa tun ranar da aka miƙo mini makulli a kwance take a gefen sanyi. Ban damu ba. Rabin direbobin da na sani haka tasu take. Mu da hannu muke aunawa, ka tsaya ka dafa bonet, ka shinshina, ka ce lafiya lau.

Sau biyu wannan awon hannu ya ci amanata. Na farko a hanyar Bungudu da lodin taki, na biyu a cikin gari da rana tsaka. Duka biyun abu ɗaya na gani. Allurar da ke kwance shekara da shekaru ta yi tsalle lokaci guda ta buga ƙarshen ja, kafin in sauka daga kwalta tururi ya rufe gilashi. Gaskit ya ƙone, tof ya lanƙwashe. Tof shi ne faffaɗan ƙarfen da ke rufe saman injin, in zafi ya karkatar da shi sai an kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya aske fuskarsa ta koma daidai. A karo na biyu mutumin ya gama askewa, ya goge hannu da tsumma, ya ce mini in saurara da kyau. Ya ce naman ƙarfen ya ƙare, ba sauran abin askewa. In ta sake tafasa sau ɗaya, kada ma in wahalar da kaina in kawo masa, in kira 'yan gwangwan su auna ta a sikeli. Na tambaye shi ko ana samun wani tof ɗin. Ya ce in na samu irin na wannan motar wanda ba a riga an aske shi ba, in zo in nuna masa, yana son ya gani kafin ya mutu.

Na dawo gida na zauna a ƙofa ina kallon motar. Shekaruna sun wuce na fara sabuwar sana'a, kuma ba ni da halin sayen wata. Daga ranar na yanke cewa allurar nan sai ta yi aiki.

Abin da ke gaya wa allura zafin injin ɗan ƙarfe ne na tagulla, bai kai tsawon babban yatsa ba. Ana murɗa shi cikin wani rami a jikin injin, kansa yana taɓa ruwa, waya ɗaya ta taso daga bayansa zuwa agogo. Makanikai sansa suke ce masa, ni ƙarfen zafi na saba cewa. Tunda allurar tana motsi in an kai ga halaka, na ce to agogo na da rai, ƙarfen ne ya tsufa ya yi nauyin ji. Na sa sifana na kwance shi, na toshe ramin, na jefa shi a aljihu.

Duk wanda ya taɓa sayen kayan mota a ƙasar nan ya san yadda ake yi. Ba mai tambayarka lamba ko takarda. Tsohon za ka zo da shi, shi ne samfur. Mai shago ya karɓa, ya juya shi, ya shiga ciki ya fito da wani, ya jera su a tafin hannu. In tsawo ɗaya ne, kauri ɗaya, haƙoran murɗi ɗaya, magana ta ƙare. Haka na sayi kusan kowane ƙarfe da ke jikin motar nan, kuma ban taɓa ganin laifin hanyar ba.

Akwai wani Ibo mai shagon kayan tsofaffin motoci da nake hulɗa da shi tun zamanin wana. A Gusau aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Ya karɓi samfur, ya fito da sabo fil a kwali, ya jera mini. Ko uwarsu ba za ta bambance su ba. Na ɗaura, na tayar da mota, na zagaya gari har na kai Damba na dawo. Allura ko gezau. Na koma na ce masa kayansa mataccen ne. Bai yi musu ba, ya ba ni wani, ya bar mini na farkon. Shi ma haka. Na uku na saya a wani shagon daban, don na fara zargin kwalinsa gaba ɗaya jabu ne. Shi ma haka. Sati biyu ina wannan zirga-zirga, kuma duk lodin da ya wuce bakin gari ina ƙin karɓa, saboda tsoro. Matata ta fara tambaya ko motar ce ba lafiya ko ni.

Wani abokin aikina ne ya ce in daina wahalar da makanikai, wannan aikin mai waya ne, in je wurin wani tsoho mai riwaya, wato gyaran wayoyin mota, da ke bayan tasha. Na same shi zaune a kan tsohon batir a ƙarƙashin dalbejiya, tabarau ɗaure da zare. Ya ga motar tun daga nesa ya miƙe. Ya ce irinta ya koyi aiki a kai. Na ba shi labari tun daga farko, na zazzage masa ƙarafa huɗu a hannu, tsohon da sababbi uku.

Ya ajiye su a gefe. Ya sa na kunna makulli, ya kamo wayar da ake ɗaurawa a bayan ƙarfen ya taɓa ta a jikin injin. Allura ta tafi ƙarshen ja. Ya ce agogo lafiyarsa ƙalau. Sai ya ƙara wa wayar tsawo, ya ɗaura ta a bayan ɗaya daga cikin sababbin, ya naɗa wata wayar a jikinsa ya haɗa da jikin mota. Ya ce in matso da motar kusa da teburin mai shayin da ke gefe. Mai shayi ya saba da shi, ya zuba mana tafasasshen ruwa a wani tsohon gwangwani ya ɗora a gefen wutarsa. Tsoho ya tsoma kan ƙarfen a ciki. Ruwa na ɓararraka, allura a kwance.

Na ce, "Ka gani ko, Baba? Matattu suke sayar muna."

Ya ce in bari tukuna. Ya ciro ƙarfen daga ruwa ya kanga kansa a kan garwashi. Ban gama ƙifta ido biyar ba allura ta yi tsalle ta buga ja, daidai irin tsallen da na gani sau biyu a hanya. Ya gwada sauran biyun, haka. Ya gwada tsohon, samfurin da nake yawo da shi a aljihu, shi ma haka.

"Direba," ya ce, "wanga ba na allura ba ne. Na fitila ne."

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Ƙarfen zafi iri biyu ne, kuma a ido kamarsu ɗaya. Akwai na motocin da ba su da allura, sai jar fitila kawai. Shi wannan bai san ɗumi ba, bai san zafi-zafi ba, shiru yake har sai injin ya wuce tafasa, sannan ya kunna fitila. Akwai kuma na allura, wanda ke bin zafi taki-taki. Wani makanike a zamanin wana, ko ma kafin shi, ya rasa na allura ya samu na fitila, ya ga ya shiga ramin daidai, ya ɗaure ya karɓi kuɗinsa. Ni kuma na ɗauki kuskurensa na mayar da shi samfur, na bi shaguna ina neman a ba ni irinsa sak. Kuma an ba ni.

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Mai shayi ya yi dariya har da riƙe ciki. Tsoho bai yi ba. Ya ce kada in ɗauka wahala ta ƙare, don na allurar ma ba ɗaya ba ne. Kowane agogo da irin nasa. In ka haɗa agogon wannan mota da ƙarfen wata, allura za ta motsa, amma ƙarya za ta riƙa yi maka, kuma gara wadda ke kwance da wadda ke ƙarya. Ya ce shi ba ya da shi, ya daɗe bai ga irinsa ba. Amma ya ba ni ma'auni guda wanda ko ni da ban yi boko mai nisa ba zan iya riƙewa. In ruwa na da ɗumin wanka, allura ta ɗan ɗaga kai. In ya yi zafin da ba ka iya sa yatsa, ta kama hanyar tsakiya. In ya tafasa sosai, ta tsaya a bakin ja, kada ta shige ciki can, kada kuma ta tsaya a tsakiya. Duk wanda ya yi haka shi ne nawa, ko da kamarsa ba ta yi mini ba, muddin ya shiga ramin. Ya bar mini wayoyin biyu.

Washegari na ɗauki kurfotin matata da ƙaramar tukunyar da take dafa ruwan shayi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ta tambaya ko sana'ar shayi zan koma. Na ce mata ta yi addu'a kada a kai ga haka.

Na fara da Ibon nan, don ina da haƙurin da zan ba shi. Na ce masa kayansa lafiya suke, samfurina ne ɓatacce. Ya ce ya ji daɗi da na dawo na faɗa, mutane da yawa ba sa dawowa. Sai ya tambaye ni ina sabon samfur. Na ce babu. Ya buɗe hannu ya ce to da me zai nemo mini? Na nuna masa kurfoti. Ya kalle ni, ya kalli tukunya, ya shiga ciki ya jawo wani babban gwangwanin madara cike da ƙarafan zafi da aka ciro daga injinan Beljiyam, tsofaffin da ake shigowa da su daga waje, ya zazzage a kan buhu a ƙofar shago.

Mun yini a kansu. Da farko muka ware waɗanda haƙoransu suka yi daidai da ramin, sannan na hura gawayi. Shi yana riƙe da waya yana tsomawa, ni ina cikin mota ina kallon allura ina faɗa masa. Wani tun ruwa bai gama ɗumi ba ya kai ta ja. Da shi zan riƙa tsayawa kowane mil ina buɗe bonet a banza. Wani kuma ruwa na tafasa kamar zai zube, allura ta tsaya ƙasa da tsakiya tana nuna mini lafiya lau. Wannan shi ya fi ba ni tsoro, don da ban gwada ba da na ɗaura shi ina murna. Maƙwabtan shago suka taru. Wani ya ce in ɗauki mai tsayawa a tsakiyar nan, in sa a raina cewa tsakiya ita ce ja, shi ke nan. Na ce masa ranar da nake gajiye da lodi a baya da rana a ka, ba zan tuna da wannan lissafin ba. Wani ya ce ubansa ya tuƙa irin wannan mota har ya mutu bai taɓa kallon allura ba. Na ce ubansa na da tof ɗin da za a aske, ni ba ni da shi.

Babu ko ɗaya da ya yi. Da za mu tashi Ibon ya ce abu ɗaya ya rage, in nemi matacciyar mota irin tawa wadda ba a taɓa wa wurin ba. Ya ce akwai wani Alhaji a Tsafe, tsohon direba, da ke da ita a ajiye a gida. Ya sha aika masa yana son ya saye ta ya farfasa, tsohon ya ƙi. Ya kwatanta mini unguwar, ya ce in gwada sa'ata, amma kada in ce shi ya aiko ni.

Hanyar Tsafe ba hanyar da mutum ke so mota ta mutu masa ba ce a wannan zamani, kowa ya san dalili. Na bari sai da rana ta ɗaga, motoci suka yi yawa, na cika lagireto da ruwa, na ɗauki jarka biyu, na bi bayan wata tirela ba lodi a bayana. Duk inda na ga mutane da yawa sai in tsaya in dafa bonet. Na wuce dutsen Kwatarkwashi ina karanta duk addu'ar da na iya.

Na sami gidan ba wuya, don motar ana hango ta ta saman katanga. Alhajin tsoho ne sosai, idonsa ɗaya ya yi fari, yana zaune a zaure a kan buzu. Na yi sallama, na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen Gusau da hanya. Tun kafin in faɗi abin da ya kawo ni ya ɗaga hannu ya ce ya ji tsayuwar mota a waje, kuma ya san wannan kukan. Ya tambaya ko tawa ce. Na ce tawa ce. Ya ce in kama shi mu fita.

Ya zagaya ta yana shafawa, ya buɗe ƙofa ya rufe don ya ji ƙararta, ya ce in tayar. Ya saurara, ya ce bawul ɗaya na ɗan magana. Gaskiya ya faɗa. Sai da muka koma zaure aka kawo ruwa na faɗa masa buƙatata. Fuskarsa ta canza.

"Tawa ba ta mutu ba," ya ce. "Hutawa takai. Ba a yanka ta."

Na ce na sani, ban zo yanka ba. Na ba shi labarin tof, da abin da mai gyaran ƙarfe ya ce, da yadda na yi sati biyu ina sayen kuskure. Wannan ya ba shi dariya. Ya ce yaran yanzu ba su san mota ba sai canza kaya, ya manta ni ma furfura ta cika mini gemu. Sannan ya ce mu je in gani, amma gani kawai.

Tana bayan gida a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya, an jibga mata karan dawa a baya. Da na ɗaga bonet ɓera ya fito ya bi ta ƙafata. Injin ya yi tsatsa, tof ɗinta ma a tsage yake, na duba don ba zan yi ƙarya ba, raina ya biya. Amma ƙarfen zafi na nan a raminsa, ya yi kore, kuma siffarsa daban da samfurina, ya fi shi gajarta, bayansa da ɗan farin tangaran. Da a shago aka miƙo mini shi da na mayar na ce ba irinsa ba ne.

Na ce wa Alhaji ga shawara. Ya bar ni in kwance in gwada a gabansa. In bai yi ba in mayar masa yadda na same shi. In ya yi, in toshe masa ramin da ɗaya daga cikin sababbin da ke aljihuna, motarsa ba za ta zauna da rami a buɗe ba. Kuma na faɗa masa gaskiya, cewa nawa na fitila ne, duk ranar da ya tashe ta ya san allurarsa ba za ta yi aiki ba. Ya ce ranar da zai tashe ta shi ya san inda zai same ni.

Kwancewar ta fi komai wuya. Tagulla ce, ta shekara da shekaru a cikin tsatsa, in na matsa da ƙarfi ta karye shi ke nan. Na jiƙa wurin da kananzir, na jira. Na ɗan bubbuga gefen da bayan sifana, na ƙara kananzir, muka je masallaci muka yi azahar muka dawo. Na sa sifana na ja kaɗan, na mayar, na ja, na mayar. Alhaji na tsaye a kaina yana cewa a hankali, kamar ina cire wa jikansa haƙori. Da ya saki sai na ji gumi ya jiƙa mini riga har baya.

Na goge shi da toka, na hura kurfoti a ƙofar gida, na haɗa wayoyi. Wannan karon Alhaji ne ya shiga motata ya zauna a kujerar direba, ya kawo idonsa mai gani kusa da agogo, ni ina riƙe da ƙarfen a tukunya. Ruwa ya fara ɗumi.

"Ta ɗaga," ya ce.

Na ƙara fifita wuta. Ya ce tana tafiya. Ya ce ta kusa tsakiya. Da ruwa ya fara ɓararraka na ce ya faɗa mini daidai inda take.

"Tana bakin ja. Ta tsaya nan, ba ta shiga ba."

Na zo na leƙa da idona. Haka ne. Na sauke tukunya daga wuta, muka zuba mata ido tana komawa baya a hankali yayin da ruwan ke hucewa. Na jira injina ya huce sosai, na ɗaura shi a wurinsa, na cika ruwa. Na toshe wa Alhaji ramin tasa motar yadda muka yi, na kawo maganar abin da zan ba shi, ya ce in rufe bakina. Abin da yake so in kai shi kasuwa in dawo da shi a gaban mota, mutane su gan shi. Na kai shi. Bai sayi komai ba, hannu kawai ya yi ta ɗaga wa mutane ta taga.

A hanyar dawowa Gusau allura ta hau ta zauna ƙasa da tsakiya kaɗan, ba ta ƙara motsi ba. Ban tsaya dafa bonet ko sau ɗaya ba.

Bayan kamar wata guda, cikin bazara, wani ɗan kasuwar hatsi ya ɗauke ni in kwaso masa buhunan masara daga wani ƙauye gaba da Bungudu. Mutum ne mai gaggawa, ya cika motar har ta zauna, ya shigo gaba kusa da ni. Mun bar ƙauyen bayan azahar, rana kamar ta faɗo. Muna cikin hanyar burji, inda ba gida ba mutum, na ga allura ta bar wurin zamanta ta taɓa tsakiya. Na ci gaba da tuƙi. Can na sake dubawa, ta wuce tsakiya da kaurin tsinke. Na rage gudu, na ce wa mai kaya da mun kai garin farko zan tsaya.

Ya ce a'a. Ya ce so yake mu shiga Gusau kafin la'asar, kuma wannan ba yankin da ake tsaye-tsaye ba ne. Na ce shi ya sa ban tsaya a nan ba. Na lallaɓa ta, ba na taka ta, ina kashe giya a gangara, idona ɗaya a hanya ɗaya a agogo. Tana ta matsawa kaɗan-kaɗan. Da muka iso wani ɗan gari a bakin kwalta, mai masallaci da famfon burtsatse, saura kamar faɗin yatsa ta kai ja. Na sauka gefe na kashe.

Mai kaya ya fito ya dafa bonet, ya ce shi bai ji wani zafi na daban ba. Ba tururi, ba wari, mota na tafiya lafiya, na tsayar da shi saboda wata 'yar allura.

Na ce, "Alhaji, in ka ga tururi, motar ta riga ta mutu. Ka samu inuwa."

Ya ce zai nemi wata motar. Na ce ya nema, ga kwalta nan. Bai je ko'ina ba, ya zauna a kan benci yana ta danna waya yana tsaki.

Na leƙa ƙarƙashi. Ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis, daga tiyon ƙasa na lagireto. Ya tsage daidai bakin ƙarfen da ke matse shi, tsaga ƙarama da ba ta kai farce ba, kuma tun daga ƙauyen muke zubar da ruwa a hanya ba mu sani ba. Na jira ta huce, na buɗe murfi da tsumma. Ruwan ya yi ƙasa sosai, amma da saura. Na kwance tiyon, na yanke bakin da ya tsage da wuƙa, tsawon ya isa, na mayar na ɗaure. Na ɗebo ruwa a famfo na cika. Na duba man injin, baƙi ne yadda na san shi, ruwa bai shiga ba. Na tayar, ta kama bugu ɗaya, na tsaya ina sauraro. Ba abin da ya canza a kukanta. Tof ya tsira.

Na kira mai kaya na nuna masa guntun tiyon, na matsa shi da yatsa tsagar ta buɗe baki. Ya juya shi a hannu, ya tambaya da ba mu tsaya ba fa. Na ce da yanzu muna tsakiyar daji da buhunansa, kuma da ni na gama tuƙi ke nan. Ya miƙo mini guntun, ya shiga mota.

Daga nan har Gusau bai ƙara kallon wayarsa ba. Ya karkato da kai wajena ya kafa wa agogon ido. In muka hau ɗan tudu sai ya taɓa ni ya ce ta motsa. In ce masa na gani, haka take yi a hawa. Mu yi gaba kaɗan ya ce ta koma. In ce na gani. A bakin gari muka shiga cunkoso, ya ce anya ba za mu tsaya mu duba ba. Na ce masa Alhaji, don Allah ka bar ni in yi tuƙi, la'asar na wucewa.